Nonon da Aka Zuba wa Auta

Ku masu karatu, in kun ga dama ku ce na zare. Waɗanda suka fi ku digiri ma sun faɗa, kuma ban canja ko kalma ɗaya ba. Wallahi abin nan a kaina ya faru, a wata bazara shekarun baya, lokacin ina aiki da wata cibiyar bincike mai ƙera ƙananan rokoki na gida. Ba irin masu kai mutum duniyar wata ba ne. Namu sama kawai suke yi su auno iska da zafi da laima, sannan kan rokar, inda na'urorin suke, ya sauko a hankali da lema, don a iya gaya wa manomi yaushe damina za ta zauna. Uku muka ƙera kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya. 'Yar Fari ko tsayin rimi ba ta wuce ba ta kife, Ta Tsakiya ta kai gajimare, sai Auta da muka ɗora wa duk burinmu. Ni ne mai naɗe lemar.

Muka kafa sansani a wani fili tsakanin Gafasa da Toranke, aka saita Auta ta fuskanci gabas inda babu kowa. Ana gobe za a harba, Oga, shugaban aikin, ya tura ni a babur in zaga rugage in yi gargaɗi. Da hantsi na isa wata rijiya can yamma, bayan sansaninmu, inda ake shayar da shanu. Babu kowa sai wata dattijuwar Bafulatana riƙe da ƙwarya.

Ta ce, “Ɗan nan, ku ne kuka jefo mana aradu?”

Na duba inda take nunawa, sai ga komin shayar da shanu ya dare biyu, ga kan Auta a kafe cikin ƙasa yana hayaƙi. Ba kama ba ce, shi ne, don akwai inda sifana ta kuɓuce mini ta lotsa shi, na rufe wurin da shuɗin fenti saboda farin ya ƙare. Ina kallo ta tuttule masa nono, ta ce wutar sama ba ta mutuwa da ruwa sai da nono, haka suka gada. Na taɓa ƙarfen, ya ƙona mini yatsa.

Ban san yadda na koma sansani ba. Ina shiga rumfa, ga kan Auta a kan tebur, lafiyarsa ƙalau, da shuɗin fentinsa. Na jawo Oga muka koma rijiyar, muka tarar da komin shanun garau, ƙasa ko tsaga babu. Dattijuwar tana can gefe cikin shanu, Goggo Dije ake ce mata, ta rantse ba ta taɓa ganina ba. Oga ya ce rana ce ta buge ni, in je in sha kunun tsamiya in kwanta. Na kwance lemar nan na sake naɗewa a gabansa, ya duba ya ce babu aibu.

Washegari na ce masa ni rijiya zan tafi. Ya ce, “Malam, in ka bar wurin aikinka yau, kada ka dawo.”

Na ce, “Oga, aiki ana samun wani.”

Na tafi, raina a ɓace, tsoro kuma fal cikina. Na tarar da mata da makiyaya cike da bakin rijiya. Na roƙe su su bar wurin, suka yi mini dariya, sai na fizgi sandar wani na shiga korar shanun kamar mahaukaci. Ai kuwa kowa ya biyo dukiyarsa yana zagina, har wani ya shaƙe mini wuyan riga. Muna cikin kokawa can nesa da rijiyar muka ji tashin Auta. Jim kaɗan sai wata ƙara kamar fito daga sama, sai ƙasa ta girgiza. Lemar ba ta buɗe ba, kuma har yau babu wanda ya gaya mini abin da ya juyo da rokar yamma.

Da ƙura ta lafa, ga kan Auta a kafe, komin shanun ya dare biyu daidai inda mata suke tsaye ɗazu. Goggo Dije ta taho da ƙwaryarta a hankali, ta dube ni kamar yau ta fara ganina, ta ce, “Ɗan nan, ku ne kuka jefo mana aradu?” Sannan ta tuttule nonon, ya gangara ta kan shuɗin fentin.

A cibiya aka ce tunda na san inda zai faɗo, to ni na lalata lemar. Aka sallame ni, sunana ya ɓaci, abokan aiki suka daina ɗaga wayata. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ban ba kowa haƙuri ba kuma ba zan bayar ba, don lemata daidai na naɗe ta, kuma ko ɗan maraƙi ba a rasa ba a rijiyar nan.

Shawarata gare ku, in Allah ya nuna muku abu, kada kunyar a ce kun haukace ta ɗaure muku ƙafa. Ni dai tabon ƙunar yana nan a yatsana, kuma Oga da kansa ya gan shi tun ana gobe za a harba.