Bakanike a Gaban Akwatin Darma

Na kai kayan rini wata masaƙa a Sharada, sai ga bakanikensu tsaye gaban wani sabon inji da ya tsaya cak. Dattijo ne siriri, rigarsa duk baƙin mai, sukundireba na leƙowa daga aljihunsa. Yatsunsa biyu guntaye ne. Da gani wani tsohon inji ne ya ci su, zamanin da ake barin bakanike ya sa hannu.

Shi wannan injin kwamfuta ke juya shi, tana cikin akwati mai hatimin darma. Kamfanin da ya ƙera shi ya ce ba mai buɗewa sai injiniyansu daga Turai. Masaƙa ta saya, amma ikon yana can.

Wani masaƙi ya ce, "Baba, ku buɗe shi mana. In ya ci gaba da zama haka, sallamarmu za a yi."

"In na taɓa, da ni za a fara," in ji dattijon. "Mutumin gwamnati ma da ya zo, hatimin ya duba, bai dube mu ba."

Yana ɗora yatsa kan darmar, yana janyewa. Can ya ciro tsumma yana goge akwatin a hankali. Aikin da aka bar masa ke nan.