Ranar da Baffa ya amsa wa Wule

Ranar Talata ce, bayan ɗaukewar ruwa. Muna zango kusa da wata rijiya, yamma da Ingall. Da sassafe na gama tatsa. Baffa, mahaifina, yana tsugune yana cire wa Wule kaska, yana yi mata faɗa kamar jikarsa. Wule ce uwar garkenmu.

Mu Bororo ba ma kora shanu da sanda. Mai su ne ke shiga gaba ya yi kira, su bi shi. Baƙo kuwa, ko ya shekara yana ihu, ba wadda za ta ɗaga ƙafa. Mutanen gari kan ce mun fi sanin sunayen shanu da na 'ya'yanmu. Ba su yi ƙarya ba.

Da hantsi muka ji ƙarar moto, wato babura. Sai harbi, uku a jere.

"Ku shiga kwari!" in ji Baffa.

Na saɓi ɗiyata. Muka kwanta cikin ƙaya mu tara, mata da yara da Baffa. Na toshe wa ɗiyata baki har ta cije ni.

Ɓarayin shanu ne. Suka kewaye garke, suka yi ihu, suka yi duka. Shanu suka cure wuri guda, suka ƙi motsi. Ana haka har rana ta yi tsaka. Sai wani ya sari Wule da adda. Ta yi kukan nan da take yi in tana neman Baffa.

Baffa ya amsa. Wallahi ba da niyya ba ne, bakinsa ne ya riga shi.

Garke duka ya juyo, ya nufo kwarin a guje, masu moto na biye. Na ji haushin Baffa, ba zan ɓoye ba. Ya dubi yaran sau ɗaya. Ya tashi ya fita ta ɗaya gefen, yana kira da ƙarfi, yana nisa da mu. Shanu suka karkata suka bi shi.

"Kada ku harbe shi! Shi zai ja mana su!" in ji ɗaya daga cikin ɓarayin.

Kafin azahar mun daina jin muryarsa. Kwana biyu muka yi a ƙafa zuwa Ingall, wani kamyo mai ɗaukar kaya ya kawo mu Agadas. Yanzu kitso nake yi wa matan gari.

Bayan kwana goma sha ɗaya wani makiyayi ya tarar da Wule a bakin rijiyar, ita kaɗai, da miki a wuya. Mata suka ce in gode Allah, ko ɗaya ta komo. Na gode. Amma ni na san Wule. Da Baffa yana da sauran murya, da ba ta baro shi ba.