Shawara Ba Ta Son Mai

Bayan an gama yankan dawa idon Baba ya koma ruwan ɗorawa. A garinmu, can wajen Dingaya, ba a buƙatar likita kafin a faɗi sunan wannan ciwo: shawara ce. Sunan ya dace kuwa, don duk wanda ya shigo dubiya sai ya bar mana tasa. Wannan ya ce rake, wancan ya ce jiƙo. Abu ɗaya ne bakinsu ya zo ɗaya a kai, wai shawara ba ta son mai.

Inna ta riƙe dokar nan da hannu biyu. Ta ɗauke man gyaɗa, ta kai ƙwaryar man shanu ɗakin maƙwabciya don kada tausayi ya ci ƙarfinta. Miyar Baba daban ake kaɗawa, kuka da gishiri kawai. Yakan kalli kwanonmu ya ce, "Ku ɗan ɗiga mini, ko na shafa a leɓe." Inna ta ce, "Malam, ka warke tukuna." Haushinsa ma nake ji a lokacin, ina ganin dattijo da kwaɗayi kamar yaro.

Bai warke ba. Ya yi ta susa har fatarsa ta yi sawu, rigarsa ta koma kamar ta aro. Da rani ya yi nisa muka kai shi asibiti a Birnin Kudu.

Bayan an ɗauki hoton cikinsa, likita ya kira ni gefe. Ya ce hanta ke yin ruwan ɗacin da ke narka maiƙo, ta tara shi a matsarmama. Bayan tumbi kuma akwai wata 'yar tsoka doguwa, ita ke zuba ruwan da ke ƙarasa narkar da abinci a hanji. Ƙari ne ya fito a kanta ya toshe hanyar duka biyun, ɗacin ya koma cikin jini, abincin kuma yana wucewa bai zauna a jiki ba. An makara.

Na ce, "To, me zai ci?"

"Duk abin da ransa yake so."

Ranar da muka dawo Inna ta narka man shanu har ya kwanta a kan tuwo. Baba ya sunsuna, ya kau da kai. Cikinsa ya riga ya daina karɓa. Kafin shuka muka binne shi.

Inna tana cikin takaba ta tambaye ni, "Ashe yunwa na yi ta sa shi a banza?"

Na ce, "A'a, Inna. Likita ya ce ko ya ci, wucewa zai yi."

Sai ta ce, "Ko ya wuce, ai da ya ji shi a bakinsa."