Kawu Labbo da Gaisuwar da Ta Cinye Zaman Majalisa

Duk wanda ya san Kawu Labbo na Magarya, wan mahaifiyata, ya san ba a gaisawa da shi a tsaye. Sai ya tambayi lafiyar gida, da jaki, da rijiya, da haƙorin da ya yi maka ciwo bara. In na dawo hutu daga makaranta, ta bayan gida nake shigowa.

A zamanin Turawa aka yi dokar da ta tattara bindigogin manoma aka kulle a ɗakin ajiyar hakimi. Birai suka samu sake, suka riƙa cinye dawa tun tana tsaye. Gonar Kawu ce ta bakin daji, kuma da ita yake ciyar da gidansa. Ya ɗauri aniyar roƙon majalisar gunduma a Wurno ta bar manoma su riƙe bindiga lokacin da dawa ke nuna. Matsalar ita ce majalisar na tashi kafin ruwa ya yanke hanya, kuma duk maganar da ba a yanke ba ta mutu sai baɗi.

Ranar rufewa aka ba shi dama. Ya durƙusa ya fara da hakimi, ya bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Yana kan tambayar wani dattijo daga Rabah lafiyar ƙafarsa aka kira azahar, magatakarda ya ce an tashi.

"Kawu, mi kac ce musu kan birai?" na tambaye shi.

"Ban kai nan ba. Amma ƙafar tai sauƙi."

Da shekara ta zagayo ya yi dabara: zai bi kowa gida ya gama gaisuwa tun kafin zama. Ya hau jaki ya yi Rabah, ya wuce Goronyo. Ko'ina aka ba shi fura, ko'ina ya kwana. Ya iso Wurno ya tarar ana naɗe tabarmi.

Matarsa, Inna Kulu, ta kai shi bakin rumbu, ba ko ƙwaya a ciki, ta ce ya leƙa. "Ga shi nan, Malam. Gaishe shi, ka ji ko zai amsa."

A zama na gaba ya shiga, ya yi sallama kawai, ya ce, "Ranka shi daɗe, birai sun cinye mu. A ba mu bindigoginmu in dawa ta nuna." Iyakar maganarsa ke nan.

Hakimi ya dube shi a tsorace. "Labbo, wa ya rasu?"

"Ba kowa, ranka shi daɗe. Rumbu ne."

Ganin Labbo ya kasa gaisuwa ya gamsar da su cewa abin ya kai. Aka amince, Di'o, Baturen mulki, ma bai ja ba.

Da aka buɗe ɗakin ajiya, kowa ya karɓi bindigarsa lafiya, sai ta Kawu ce gara ta cinye ƙotarta, saura ƙarfe. Ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi gona. Na ce masa ai wannan ba ta harbi.

"Ni da kai munka sani," ya ce. "Wa zai gaya ma biri?"

Shekarar nan rumbunan Magarya suka cika, har da nasa. Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yalwata masa kabarinsa, ya saka masa da kowane tuwon da aka ci a garin nan saboda shi. Amin.