Sueko Ba Ta Shiga Ofishin Ba

Hyodo Sueko ba ta taɓa barin tsibirin Shikoku ba, kuma ba ta ga abin da zai fitar da ita ba. A wani ƙauyen masunta aka haife ta, aka kawo ta Nobesaka amarya, gidan Shigeharu mai gonar lemo, gida na ƙarshe a kan hanyar da ta hau dutse. Ta ƙofar gidan masu ziyarar ƙafa suke wucewa, masu zagaya haikalai tamanin da takwas, kowa da farar riga da malfa da sanda mai ƙararrawa. Surukarta ce ta nuna mata bencin da ke gindin katanga, ta ce, "Duk wanda ya zauna nan, ki ba shi abin da ke hannunki. Kada ki tambaye shi abin da ya fito da shi daga gida."

Haka ta yi shekara arba'in da 'yan kai. Da zafi shayin sha'ir mai sanyi, da sanyi gasasshen dankali, lokacin lemo kuwa sai mutum ya ce ya isa. Ta ɗinke wa mutane jaka, ta fasa musu bororon ƙafa da allura, ta ga manyan maza suna kuka a bencin ta yi kamar tukunya take dubawa. Amma fa ba mace ce mai sanyin baki ba. In ta ga takalmin banza a ƙafar mutum, a gabansa za ta faɗa masa wawa ne ya sayar masa, wawa kuma ya saya.

Shekarar da Shigeharu ya rasu aka gama huda dutsen. Aka yi rami mai kwalta da fitilu, mota ta shiga ta ɓulla ɗaya gefen kafin direba ya gama hamma. A bakin ramin aka gina ofishin tarbar maziyarta, da banɗaki mai tsabta, da kwamin ruwan zafi na jiƙa ƙafa, da shayi kyauta, da takardar shaida mai hatimi ga duk wanda ya zo a ƙasa. Aka ba Tokuji riƙon wurin, ƙanin mijinta, wanda bai daɗe da ajiye aikin ƙaramar hukuma ba. Da hannunsa ya tumɓuke turken da ke mararraba mai nuna tsohuwar hanya, ya kafa sabo mai nuna rami.

Yana da hujjarsa. Ruwa ya zaftare wani sashe na tsohuwar hanyar, wani maziyarci ya karye a can, ga aladen daji. Ya hau har gida ya yi mata bayani.

"Yaya, ba fa korarki aka yi ba. Ki riƙa saukowa ranar Laraba kina zuba shayi a ofis. Har riga za a ba ki, mai tambarin gari."

"Ka sa abinka, ta fi dacewa da tumbinka," in ji Sueko. "Kai da na wanke wa wando kana ɗan makaranta, yau kai ne za ka ɗauke ni aiki?"

Daga ranar ƙararrawar masu ziyara ta daina tahowa. Ta ci gaba da dafa shayin, da yamma ta zuba wa shukoki. Da ta kai shekara saba'in da uku sai ta sayi malfa da sanda. 'Yarta Michiyo ta bugo waya daga Matsuyama hankali a tashe.

"Inna, da wace gwiwar za ki zagaya tsibiri?"

"Da wadda na goya ki na hau gona da ita. Sun daina zuwa wurina, ni zan bi sahunsu in ga abin da suke gani."

Ta hau jirgin ƙasa zuwa haikali na farko, ta fara. Tafiyar ta ba ta wuya, amma abin da ya fi ba ta wuya karɓa. Ranar da wata mata ta tare ta da dunƙulen shinkafa ta ce "osettai ne," sai Sueko ta ji hannunta ya ƙi miƙuwa. Ta dai san ba a mayar da sadakar hanya, tunda ba mutum ake ba wa ba, Daishi ake ba wa, waliyyin da ke tafiya tare da kowane maziyarci. Ta karɓa, ta ci a bayan wata rumfar jiran mota, tana mitar gishiri ya yi kaɗan.

A gaɓar tekun kudu ta haɗu da Kuwahara, tsohon direban babbar mota daga Kobe, mai surutu kamar rediyo, wanda wannan ne zagayensa na uku. Saurinsu ɗaya, sai suka riƙa tafiya tare. Da suka doshi yankinta ya fara yabon ofishin bakin rami.

"Goggo, can dole a tsaya. Ruwan zafin nan kamar ba a duniya ba. Akwai ma hoton wata tsohuwa a bango, wadda a da take ba mutane shayi a kan dutse. Mutuniyar kirki. Ina jin ta rasu."

"Wa ya ce maka ta rasu?"

"To, ai ba a rataye hoton mai rai haka, har da furanni a ƙasa."

Sueko ta ci gaba da tafiya. Sai sandarta da ta riƙa dukan kwalta fiye da ƙima.

Ranar da suka iso ana ruwa tun safe. Diddigenta na hagu ya fashe, safa ta manne da ciwon, ga fitsari ya matse ta tun daga gangare. Daga nesa ta hango tururi yana tashi daga kwamin, mutane sun jera ƙafafu a ciki suna dariya. Ba za ta yi wa kanta ƙarya ba, jikinta duka can yake so. Wa zai ga laifinta? Ta shiga, ta fito, shi ke nan. Sai ta tuna za ta sunkuyar da kai ta cire malfa a ƙarƙashin hotonta, Tokuji yana tsaye yana murmushin nan nasa na ma'aikacin hukuma. Ta ja malfar ta rufe fuska, ta wuce ƙofar ba ta ko waiwaya ba.

Amma Tokuji ya gane tafiyarta. Ya fito a guje da silifas, da faranti a hannu, kofin shayi yana rawa a kai.

"Yaya! Yaya Sueko! Haba, ki shigo mana, ƙafarki jini take yi."

"Ƙafata ce."

"Mutane suna kallo fa."

"Su kalla, ai ba kuɗi suka biya ba."

Tokuji ya tsaya a gabanta, ruwa yana sauka a sanƙonsa. Ya miƙo farantin da hannu biyu, ya sassauta murya ya ce, "Osettai ne."

Ta dube shi kamar ta rufe shi da sanda. Ya san abin da ya yi, ita ma ta sani. Ta jingine sandar a kafaɗa, ta ɗauki kofin, ta shanye a tsaye cikin ruwan sama, ƙafarta ba ta taɓa dakalin ofishin ba. Ta haɗa tafuka ta yi addu'ar da ake yi wa mai bayarwa, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Sannan ta ce, "Ya yi sanyi, kuma ganyen ya kwana. Je ka ɗauko mini hotona."

"Na ofis ne, Yaya."

"Fuskar ma ta ofis ce? Wa ya tambaye ni kafin a rataye ni? Wannan bawan Allah da muke tafe tare har ya yi mini ta'aziyyar kaina."

Kuwahara, wanda ya riga ya cire takalmi ɗaya, ya dubi bangon ta gilashi, ya dube ta, ya buɗe baki ya kasa rufewa. Tokuji ya shiga ya ciro hoton da firam ɗinsa. Ta sa aka ɗaure mata shi a bayan jaka, ta juya ta nufi mararraba, ta ɗauki hanyar da turke bai nuna ba. Kuwahara ya mayar da takalminsa yana ƙunƙuni ya bi ta, ya ce ba zai bari a ce mutumin Kobe ya bar gawa ta hau dutse ita kaɗai ba.

Hanyar ta lalace fiye da yadda ta zata. Gora ta rufe ta, wani ƙaton icce ya faɗo ya gitta, sai da suka rarrafa ta ƙarƙashinsa. A wurin zaftarewar Sueko ta zame ta zauna daɓas a laka, firam ya tsage. Tokuji bai yi ƙarya ba, wannan kam ta yarda a ranta, ba ta dai faɗa wa kowa ba. Da suka zo ƙofar gidanta ta jingine hoton a baranda, ta ɗaure diddigen da tsumma, ta ƙi kwana. Ta ce ita maziyarciya ce, ba ta iso gida ba tukuna.

Ta gama zagayen ana fara tsinkar lemo, ta dawo a rame, baƙa ƙirin. Ba ta huta ba ta ɗauki lauje ta shiga sarar gora. Ta yayyaga wani jan ƙyalle ta ɗaɗɗaura a rassa tun daga mararraba. Tokuji ya bi ya kwance, ya ce in wani ya karye shi za a tuhuma. Ta sake ɗaurawa. Ya sake kwancewa. Kuwahara kuwa duk masaukin da ya sauka sai ya ba da labarin tsohuwar da ta tashi daga matattu ta ƙwace hotonta, har wasu suka fara tambayar ina hanyar gidanta.

Turken yana nan yana nuna rami, kuma yawancin mutane ramin suke bi. Masu hawowa kaɗan ne, wani makon ma babu kowa. Michiyo ta gaji da roƙon ta koma birni. Wata safiya a farkon bazara Sueko ta ji ƙarar inji a kan tsohuwar hanya, ta sauka ta tarar da Tokuji da zarto mai inji yana yanka iccen da ya gitta hanya, gumi ya jiƙa masa riga. Bai gaishe ta ba, ita ma ba ta gaishe shi ba. Ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallo har ya kashe injin.

"Ba don ke na yi ba," in ji shi. "Kada wani ya fasa kai ne."

"To, ka yanka a karkace. Matso da shi gefen kwari, ko jira kake ni in ɗaga maka?"

Ya yi tsaki, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama gungumen. Ita kuma ta ajiye lauje ta kama ɗaya gefen.