Wake da Tsakuwa a Filin Jirgi

Ma'aikatan kamfanin jirgin da nake yi wa aiki sun taɓa ƙin ƙarin albashi saboda mutum shida. Ina cikin shidan. A Gusau aka yi, da damina, a shekarata ta uku a wurin.

Ni ba ɗan gari ba ne. A ruga aka haife ni, bayan Tsafe. Ban yi boko ba, allo ma kaɗan na taɓa. Shanu na sani. Wata rana mutanen daji suka zo suka kore su duka, suka kashe yayana da ya bi sawunsu. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Na kai matata da 'ya'ya wurin danginta a wajen Karakkai, ƙasar Bungudu, ni kuma na shigo Gusau neman abin yi. Na yi gadi, na yi dako. A wasu wuraren, da an ji harshena sai a ce babu aiki.

Kamfanin ƙarami ne. Jirgi ɗaya ne mai farfela, yana sauka sau uku a mako. A lokacin shingen filin ya ɓalle a wurare da yawa, dabbobi suna shiga. Wata rana ina dako a bakin ƙofa sai garke ya hau titin jirgi, jirgin kuwa yana kewayawa a sama ya rasa wurin sauka. Masu gadi suna jifa, shanu suna ƙara watsewa. Saniya ba ta son a kore ta daga baya da duwatsu. Na shiga gabansu na yi kira irin namu, na juya na tafi, suka biyo ni har waje. Washegari aka ce in riƙa zuwa.

Aikina shi ne in taka titin daga wannan kai zuwa wancan kafin jirgi ya sauka. In tsince dutse da ƙusa da ƙashi in zuba a buhu, in tashi tsuntsaye, in yi wa makiyaya magana da Fulatanci su ja baya. Idan jirgi ya tsaya in shiga cikin masu sauke kaya. Mu shida ne masu irin wannan aiki. 'Yan aikin yini ake ce mana, ba mu da takardar ɗauka. Amma ƙungiyar ma'aikata ta karɓe mu. Muna da kati, muna da ƙuri'a kamar kowa.

Ciyaman ɗin ƙungiyarmu mai sayar da tikiti ne. Mutumin kirki ne, sai dai yana da saurin baki. Ya yi wata huɗu yana zuwa hedikwata yana dawowa, ana jayayya da masu kamfani. Daga ƙarshe ya zo da takardar yarjejeniya, sauran mu ce mun yarda ko ba mu yarda ba. Muka taru bayan Azahar a rumfar kwano da ke bayan sito, ranar da babu jirgi. Mu talatin da ɗaya ne. Biyu daga cikin 'yan aikin yini ba su zo ba, ɗaya yana noma a Mada, ɗaya a Magami.

Yana karantawa da Turanci yana fassarawa. Ƙarin albashi. Katin asibiti na ma'aikaci da iyalinsa. Hutu a shekara. Takalma da rigar ruwa. Mutane suna ta gyaɗa kai. Da ya zo shafi na ƙarshe sai ya ƙara sauri, ya ninke takarda.

Akwai wata dattijuwa mai sharar cikin jirgi da ofis, Inna muke ce mata. Ta girmi kowa a wurin. Ta ce, "Ciyaman, koma baya. Wanga na ƙarshe, mi yake nufi?"

Ya buɗe takardar. Ya ce aikin titi da na dako za a ba ɗan kwangila.

"To su waɗanga fa?" Ta nuna mu da haɓa.

"Wataƙila ya ɗauke su."

"Ɗan kwangila ba shi da ƙannen mata? Ba shi da 'ya'yan maƙwabta?"

Ciyaman ya share zufa. Ya ce, "Inna, na yi iyakar ƙoƙarina. Sun ce ko a ɗauka duka ko a bari duka. Amma ga su nan a zaune, a tambaye su." Ya juyo wurinmu. Sauran ukun suka dube ni, don ni ne babba. Ya ce, "Malam, me ka gani?"

Na ce, "Duk abin da jama'a ta ga ya yi, ya yi."

Ya ce, "To kun ji da kunnenku."

A wurinmu Fulani haka muka tashi. Namiji ba ya roƙa wa kansa abu a gaban mutane. Ba ya cewa yana jin yunwa. Ba ya cin abinci a kasuwa. In an buge shi ba ya nunawa. Lokacin da na faɗi maganar nan, hankalina yana kan iyalina. Ina tuna hatsin da nake kaiwa Karakkai duk ƙarshen wata, da yadda surukina yake kallon buhun kafin ya kalle ni. In aikin nan ya tafi ban san wata ƙofa ba. Amma bakina ba zai iya faɗin haka ba, ko da za a yanka ni.

Ciyaman ya fara raba takardun ƙuri'a. Sai direban motar kaya ya miƙe. Babarbare ne, gajere, mai zane a fuska. Tun ranar da na fara aiki yake ce mini bawansa, ni ma ina ce masa nawa, kamar yadda Fulani da Barebari suka saba.

Ya ce, "Ciyaman, yaushe ka fara ɗaukar maganar Bafulatani a kan abin da ya shafi cikinsa? Shekara uku ina cin tuwo a gaban wannan ina cewa bismillah, yana ce mini ya ƙoshi. Cikinsa kuwa yana kuka ya fi injin motata."

Aka yi dariya. Na ce, "Zauna, bawa. Fuskarka tana tsorata mutane."

"Kun gani? Zagina zai iya. Ku ce ya roƙe ku mana." Sai ya bar wasa. Ya ce, "Na yi aiki da su a wurare da yawa, na san su. Wannan da ya faɗa ba yarda ba ce, kunya ce. Wanda zai jefa ƙuri'a ya jefa, amma kada ya ce mai abu ya yarda."

Ni na sunkuyar da kai. Na ji haushinsa sosai a lokacin, don ya tsiraita ni a gaban jama'a.

Mai awon kaya ya tashi. Shi ne ke ɗora jakunkuna a sikeli. Mutum ne marar yawan magana, kuma kowa ya san matarsa tana fama da ciwon ƙoda. Ya ce, "Ni ma an haife ni da kunya. A ƙofar asibiti na ajiye ta. Katin nan nake jira wata huɗu. In aka mayar da takardar nan, wa ya san ranar da za ta dawo?" Ya dube ni. "Malam, ban ƙi ka ba. Allah ya sani."

Na ce, "Na sani."

Daga nan magana ta watse. Wani ya ce mutum shida ba za su hana ashirin da bakwai ci gaba ba. Wani ya ce yau dako ne, gobe shara ce, jibi gadi, har a zo kan tikiti. Ciyaman ya ce kada a sa shi a ciki. Wani makanike ya ce ranar da ɗan kwangila ya kawo wanda bai san saniya ba, shi dai ba zai tsaya kusa da titi ba. Mai awo ya ce a gyara shinge mana, shi ke nan. Aka ce masa tun yaushe ake cewa za a gyara. Har aka kira La'asar ba a daidaita ba.

Bayan salla Inna ta karɓi takardar ƙuri'a ɗaya ta juya ta sama da ƙasa. Ta ce, "Wanga rubutu mu nawa muka iya shi? In kuma hannu za a ɗaga, gobe ba mai gaida wani." Ta kwance ledar waken da ta saya za ta kai gida. Ta ce in ɗauko buhuna na tsintar titi. Aka zazzage tsakuwa a kan tabarma. Kowa ya ɗauki wake ɗaya da tsakuwa ɗaya. Wake yarda, tsakuwa ƙi. Aka ajiye tulu a bayan ƙofar sito. Mutum ya shiga shi kaɗai, ya jefa ɗaya a tulu, ya tafi da ɗayan a aljihu.

Ciyaman ya ce ba haka tsarin ƙungiya ya ce ba. Inna ta ce ya rubuta abin da ya fito da Turancinsa, ba wanda zai tambaye shi tulu.

Da na shiga na daɗe a tsaye. Na jefa wake. Matar mai awo na tuna, gaskiya ne. Amma ko ba ita, hannuna ba zai jefa wa kaina tsakuwa ba.

Aka juye tulu a gaban kowa. Tsakuwa goma sha bakwai, wake goma sha huɗu. An ƙi takarda.

Ba wanda ya yi murna. Mai awo ya ɗauki hularsa ya fita. Ciyaman ya zauna yana kallon tabarma, sannan ya ce, "To. Zan koma. Ku yi mini addu'a, don ba za su ji daɗin ganina ba."

A hanyar fita direba ya tsaya da mota ya ce in hau. Muna tafiya ya ce, "Me ka jefa?"

Na juya ina kallon hanya.

"Wake ka jefa, shashasha. Da ƙuri'a ɗaya ce ta kayar da mu, da na bi ta kanka da motar nan."

Na ce, "Wa ya sa ka magana?"

Ya ce, "In an kore ka wa zai riƙa wanke mini mota?" Ban taɓa wanke masa mota ba.

Wata uku babu labari. Babu ƙari, babu kati. Manaja ya daina amsa gaisuwarmu. Wasu daga cikin waɗanda na tabbata sun jefa tsakuwa suka fara gunaguni, ina ji ina wucewa. Aka kwantar da matar mai awo sau biyu. Ya sayar da babur ɗinsa, ya koma zuwa aiki a ƙafa. Na je asibiti gaishe su da ɗan nono a kwano. Ya tare ni a bakin ƙofa, ya karɓa, ya ce ya gode. Bai ce in zauna ba. Ban ga laifinsa ba. A watannin nan kullum ina taka titi ina jin kamar a wuyan mutumin nan nake tafiya.

Bayan an yi girbi ciyaman ya dawo da sabuwar takarda. An rage ƙarin albashin. Katin asibiti yana nan. A cikinmu shida za a ɗauki huɗu aikin dindindin, waɗanda suka wuce shekara biyu. Sauran biyun a sallame su. Ina cikin huɗun.

Muka sake taruwa a rumfa. Wannan karon na tashi ba a tambaye ni ba. Roƙa wa wani ba shi da wuya. Na ce mutanen nan biyu sun fi ni ƙarfi, ba su taɓa makara ba, ɗaya yana da marayun ƙanensa a hannu. Na ce a sake mayar da takardar. Aka saurare ni har na gama. Amma jama'a ta gaji, kuma ban ga laifinta ba. Inna ma ta ce, "Malam, iyakar abin da za mu iya ke nan." Tsakuwa huɗu kawai aka samu a tulu. Ɗaya tawa ce. Wata na san ta direba ce, ko da yake ya ce shi ba ya bin Bafulatani ko a salla.

Na dangwala yatsa a takardar ɗauka ranar wata Litinin. Mutum goma sha bakwai ne suka riƙe mini wurin nan da abin da ya kamata ya shiga aljihunsu. Ban san su duka ba, don ba wanda ya faɗi abin da ya jefa. Saboda haka kowa nake gaisarwa da kyau, har waɗanda nake zaton wake suka jefa. Ban taɓa tsayawa a gabansu na ce na gode ba. Ban iya ba. Abin da na iya shi ne in wani yana da suna ko rasuwa in riga kowa zuwa, in wani zai tafi gona in riƙe masa aikinsa.

Cikin biyun da aka sallama, ɗaya yana sayar da rake a kasuwar Mada. Ɗayan ya tafi kudu, ban ƙara jin labarinsa ba. Matar mai awo tana raye, ana yi mata magani da katin. Ni da shi muna gaisawa, iyakarta ke nan. Inna ta bar aiki, ƙafa ta hana ta. Nakan kai mata itace.

Yanzu ina Gusau, a ɗaki biyu na haya kusa da filin. Na ɗauko matata da 'ya'ya. Ƙaramar tana zuwa makaranta. Ina da tumaki uku a bayan gida. Gobe akwai jirgi da hantsi, zan fita bayan Asuba.