Kumburin da Muka Kira Ƙiba

Lokacin da abin nan ya faru haihuwata ɗaya tal, ina aure a Tsamaye, kuma ni mace ce mai tsoron bakin mutane fiye da kima. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin duk wanda ya sa hannu a lamarin da kyakkyawar niyya ya sa, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ɗana yana da wata goma sha ɗaya na gane ina da wani cikin. Kwanika ke nan, abin tsegumi a wajenmu. Matan gida suka ce nonona ya ɓaci, in ya ci gaba da sha zawo zai kashe shi. Rana ɗaya aka cire shi, aka kai shi yaye Tozai wajen Innata, aka ce kada in kuskura in leƙa sai ya manta da nono. Na yi kuka, amma ban yi musu ba. Ko sau ɗaya ban tambayi abin da zai ci a can ba, alhali na san shekarar da muke ciki. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, rumbuna wayam, Fulanin da ke kawo wa Inna nono sun kora shanunsu kudu neman ciyawa. Abin da ya rage mata tsinkakken koko ne, shi take ɗura masa safe da yamma.

Duk wanda ya dawo daga kasuwar Isa, inda ake haɗuwa da mutanen Tozai, sai ya kawo mini labari mai daɗi. Wai yaro ya yi ɓul-ɓul, kumatu sun cika, ƙafafu kamar an hura. Wai ko kuka ya daina, inda aka ajiye shi nan za a tarar da shi. Ni kuma sakarya har gori nake yi wa mijina, ina cewa ga shi gidanmu sun fi nasu iya kiwon yaro. A shekarar da manya ke ramewa kamar kara, ban tsaya na tambayi kaina da me jariri yake yin ƙiba ba.

Bayan wata uku na je. Na same shi zaune kan tabarma, gashinsa ya yi ja ya tsinke, fatar ƙafarsa tana sheƙi. Na kira shi, ya dube ni ya kau da kai, yaron da na bari yana kama bango yana miƙewa. Inna ta ce fushin yaye ne, zai huce. Wata ƙanwar babana ta ce kyau ne ya jawo masa baki, a nemo rubutu. Haka muka ƙara ɓata kwana takwas muna wanke allo, sai da ya ƙi karɓar kokon ma sannan mijina ya ce mu tafi asibitin Isa.

Malamar da ta duba shi ba ta yi dogon bincike ba. Ta danna babban yatsanta a bayan ƙafafunsa, ta ɗaga, ramin ya zauna kamar a malmalar tuwo. Ta ce ruwa ne ba ƙiba ba, tamowa ce ta ci ƙarfinsa, shirun nan kuma ba haƙuri ba ne, ƙarfin kukan ne babu. Da ta ji dalilin yayen sai ta ce ciki ba ya ɓata nono, da na ci gaba da ba shi ina haɗa masa da kunun gyaɗa ko wake. Abinci ɗaya da farin bai taɓa ba yana jikina, ni kuma na hana shi don kada a yi da ni.

Allah ya tashi kafaɗunsa bayan doguwar jinya, amma sai da ya kusa shekara uku ya yi tafiya. Abin da na koya shi ne kunya ba ta ciyar da yaro. 'Yan'uwana mata, kada ku yaye ɗa rana ɗaya saboda ciki, kada ku yaba wa yaron da ya yi shiru farat ɗaya, in kuwa ya kumbura a lokacin yunwa ku danna ƙafarsa ku gani, ku kai shi asibiti a ranar. Yau ƙaninsa, ɗan kwanikan nan, ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. In baƙi suka tambayi wane ne babba, da kansa yake ɗaga hannu yana dariya, ni ce dai har yanzu na kasa taya shi.